Yaya Maina, Direban Motar Sulken da Ta Koma

Ranar Alhamis, sha shida ga watan Mayu, da hantsi, ina zaune ƙarƙashin darbejiyar gidan surukaina a Dungas, littafi a cinyata, sai wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Soja ne, ya ce sunansa Sarzan Sallau. Ya ce mijina Yasin yana asibitin soja, harsashi ya same shi a cinya, amma yana da rai, yana magana. Ban tsaya jin sauran ba. Na saki wayar a kan tabarma, na kai goshina ƙasa ina godiya. Sai da na ɗago na ji har yanzu yana cewa, "Madam, kina ji na?" Sannan ya faɗa mini cewa kai, Yaya Maina, ka rasu tun ranar Talata a wannan artabun, har an yi maka sutura a can. Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma.

Ban yi nadamar godiyar da na yi ba. Amma in na tuna ina cikin murna alhali kai kwananka biyu a ƙasa, sai abinci ya ƙi wuce mini.

Sau ɗaya tak na taɓa ganin ka. Bara ne, da aka ba ka hutu, kafin ka isa gida Sassumbrum ka ratso ta Dungas a kan kabu-kabu don ka kawo mini saƙon Yasin: dabino, cuku, da takarda. Ka tarar da ni ina karatu, ka yi dariya ka ce ashe ciwon karatun matarka Rahma ya zo har nan. Ka tambaye ni ko a littattafan namu akwai jarumin da yake shan shayi da yashi a ciki, ko wanda yake yin sati uku bai ga ruwan wanka ba. Na ce babu. Ka ce to shi ya sa ba a rubuta labarinku. A ranar ka ba ni lambar Rahma. Tun daga nan ni da ita muke musayar littattafai ta hannun masu zuwa kasuwa, muna gardama a waya kan wadda ta fi dacewa da jarumi. Mazanmu suna wuri ɗaya, fargabarmu ɗaya ce. Ba ni da ƙawa kamarta.

Sauran abin da na sani game da kai, daga bakin Yasin na ji shi. Shi sojan ƙasa ne, kai direban motar sulke. Ya ce da rana cikin motar nan kamar tanda yake, kuma ta ƴar taga mai faɗin tafin hannu kake ganin hanya. Kakan ce musu kai makaho ne a cikin ƙarfe, su masu tafiya a ƙasa su ne idanunka, kai kuma bangonsu ne. Kullum akwai bido guda na ruwa da kake naɗewa da jiƙaƙƙen buhu, ba ka shan sa, na masu taka yashi ne. A batirin motarka suke cajin waya. In an yada zango kusa da tudu, kai kake kai motar can sama, su hau kanta ɗaya bayan ɗaya suna neman rezo, wato sabis na waya. Ashe duk muryar Yasin da na riƙa ji a watannin nan, daga saman motarka take zuwa. Ban taɓa yi maka godiya ba.

Bayan sati uku aka sallamo Yasin, ya dawo gida da sanda. A kwana na uku, bayan azahar, ina sake masa bandeji, ya fara magana yana kallon bango.

Ya ce ayarinsu ya shiga wani busasshen kwari tsakanin tudun yashi biyu. Motar gaba ta taka nakiyar da aka binne. Kafin hayaƙin ya lafa, mahara a kan babura suka ɓullo ta dama da hagu. Aka sauke sojojin ƙasa su riƙe wuta, aka umarci motoci su ja da baya zuwa ƙasa mai tauri, domin yashin kwarin yana riƙe taya. Taka motar ta fita lafiya. Sai ka ji ta oba-oba cewa mutum uku sun faɗi a fili, babu abin da zai kare su. Ka nemi izini, aka ba ka. Ka koma cikin kwarin, ka gitta motar tsakaninsu da masu harbi, har su Sarzan Sallau suka ja su a ƙasa zuwa bayan tudu. Yasin ne na ƙarshe da aka ja, domin shi ya fi nisa. Ya ce ya ji muryarka ta lasifika kana cewa, "Ku ɗauko mini mijin malamar littafi, ban da shi ba na tafiya." Kana ƙoƙarin juyawa ne roka ta sami motar ta gefen da kake zaune.

A littattafan da nake karantawa, mutum irinka ba ya mutuwa a tsakiyar labari. A kan kai shi asibiti, ya farfaɗo, matarsa tana riƙe da hannunsa. Tun ranar na buɗe littafi sau da yawa, idona yana bin layi, babu abin da yake shiga.

Na je Sassumbrum ranar sadakar bakwai, lokacin ban san yadda ka rasu ba. Na zauna kusa da Rahma, na riƙe ƴarku Nabila. Wani abokin aikinku da ya zo gaisuwa ya ce daga bakin ƙofa, "Ai motarsa ta riga ta fita," sai ya shafa addu'a ya tafi. Wannan rabin maganar ita ce ta hana Rahma sakat. Yau kwana tara ke nan da ta turo mini saƙon murya: "Zahara'u, don Allah ki tambayar mini Yasin. In ya riga ya fita, me ya mayar da shi?"

Na saurari saƙon ya fi sau ashirin, ban amsa ba. Na roƙi Yasin ya kira ta, ya ce da ya buɗe baki gabanta gara a mayar da shi kwarin. Na rasa yadda ake gaya wa mace cewa mijinta yana kabari domin nawa ya kwana a ɗaki. Ina tsoron ta kalle ni ta ga abin da aka ɗauke mata. In ta daina ɗaukar wayata, ba zan ga laifinta ba, kuma ba ni da abin da zan iya mayar mata. Amma ita ce ta fi kowa haƙƙin sanin irin mutumin da ta aura, kuma wata rana Nabila za ta yi tambaya.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya Maina. Ya karɓe ka cikin shahidai, Ya yalwata makwancinka, Ya shayar da kai ruwan sanyi kamar yadda ka shayar da masu ƙishi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta tare da kai a ranar, Ya tsare waɗanda suka rage a can. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Ya Kaka, da ƴan'uwanka, da mutanen Sassumbrum baki ɗaya. Allah Ya raya Nabila, Ya ba Rahma haƙurin da ni ba ni da shi.

Wannan rubutun ba zai fita hannuna ba sai Rahma ta ji daga bakina. Na nemi izinin Yasin, ya ɗaga mini kai alamar ya yarda. Jibi ranar kasuwar Sassumbrum ce. Zan bi motar safe, in je in gaya mata.