Ranar da Umma ta shiga gidan wasa

Wata Alhamis ce a watan Maris na 2014, kwana ɗaya da fitar Umma daga takabar mahaifina, saura kwana biyu kuma a ɗauke ni daga Alƙahira. Na dawo daga makaranta na same ta tsaye a bakin ƙofa da baƙin hijabi da takalman fita, har ta riga ta miƙa ƙanina Sadiƙ ga maƙwabciyarmu. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke, ajiye jakar. Kin san hanyar wurin nan da babanki yake kai ki?" Na ce na sani. Ta ce, "To, yalla, wuce gaba." Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma ban taɓa jin Umma ta ambaci gidan wasan kwaikwayo ba tare da ta yi tsaki ba.

A unguwar Ainu Shams muke zaune, hawa na huɗu, a wani gida da matattakalarsa ba ta rabo da ƙamshin tafarnuwa. Karatun addini ya kawo iyayena daga Haɗejia. Abba yana karatun fiƙihu mai zurfi, Umma tana sashen mata. Aikina na kullum shi ne in zura kwando da igiya ta baranda mai burodi ya saka mana na safe, in kasa kunne ga mai tukunyar gas da ke ƙwanƙwasa ƙarfe a layi, in hau rufin bene in shanya wanki. A can saman muke zana 'yar gala-gala da alli, ni da 'ya'yan Larabawa, tantabarun mai gidan suna ɓata mana zanen. Amma ranar Alhamis tawa ce ni da Abba. Bayan azahar zai cire hula ya cusa a aljihu, mu shiga metro, jirgin ƙasan cikin birni, mu sauka a tsakiyar gari, mu taka zuwa titin Imaduddin inda gidajen wasa suke jere da manyan allunansu. Zai sayo mini gasasshen dankali a takarda, mu shiga wasan yamma. Matan ɗalibai suna ta tsegumi, wai malamin fiƙihu a wurin rawa da waƙa. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Larabci nake koya mata." Ƙarya yake yi, Allah ya jiƙansa. Ya fi ni son wasan, idan ya kama dariya har na gabanmu sai sun waiwayo.

Ni ce 'yar fari, kuma Umma ta riƙe kunyar nan kamar a tsakar gidansu take. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan". Ba ta yi mini kitso a gaban mutane, ba ta yabona, idan na yi zazzaɓi sai ta ce wa Abba, "'Yarka ba ta da lafiya." Maƙwabciyarmu Ummu Sayyid, wadda ke iya leƙowa ta taga ta ƙwala wa ɗanta kira har layi uku su ji, ta kasa gane wannan al'amari. Ta taɓa jan ni gefe ta tambaye ni ko Umma matar ubana ce.

Abba ya rasu a farkon sanyi bayan jinyar kwana tara. Ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, kukan ne bai zo ba. Ina cin abinci ba na jin gishirinsa, ina zuwa makaranta in dawo ban san abin da aka koyar ba. Matan da suka zo gaisuwa suna ta cewa, "Yarinyar nan akwai haƙuri," ni kuwa ina kallon bakinsu kawai. Ana cikin zaman takabar ne Baffa, yayan Abba, ya bugo waya daga gida. Umma ta sa wayar a kunne amma muryarsa tana fitowa, ina jinsa sarai daga inda nake tsintar shinkafa. Ya ce kakata Hajiya tana son a kawo mata ni, tunda Umma tana da goyo ga karatu da sauran shekara biyu. Sannan ya ce, "Amma in kina so ta zauna a wurinki, ki faɗa, ba mai tilasta miki." Na tsayar da hannuna a cikin tiren. Umma ta ce, "Ai 'yarku ce." Na ci gaba da tsintar shinkafata. Tun daga ranar nake jiran ta sake magana, don na san kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta tsayar da tafiyar.

Shi ya sa da muka shiga taragon mata a metro ranar Alhamis ɗin nan, na ce a raina yau za ta faɗa. Ta kama ƙarfe ta tsaya ƙyam, wata huɗu ba ta ga rana ba, fuskarta ta yi fari. A titin Imaduddin na nufi gidan da muka saba ni da Abba, sai ta ciro wata 'yar takarda ta duba, ta ce ba nan ba, na gaba. Ta sayi tikiti biyu. Kujerun jajaye ne, sun ƙoƙe, ƙasa duk ɓawon irin kabewa da 'yan kallo suke ɓarewa. Ta zauna a bakin kujerar, ta ɗora jaka a cinya, kamar mai jiran likita. Aka buga sanda sau uku a bayan labule yadda suke yi, aka kashe fitilu.

Wasan na waƙe-waƙe ne, labarin wata mata mai wanki da za a tafi da 'yarta wani gari mai nisa. An yi barkwanci da farko, zauren yana ta dariya, mu biyu ko murmushi. Da aka zo wurin rabuwa, aka turo hoton jirgin ƙasa na katako, uwar ta durƙusa ta kama ƙafafun yarinyar tana kiran sunanta, tana kira tana maimaitawa, tana ce mata hasken idona, in kin tafi ina zan sa kaina. Daga nan ta ɗauki waƙa. Wani ƙaton mutum mai gashin baki a gefena yana sharɓe hanci. Ni ban kalli dandamalin ba, Umma nake kallo a ɗan hasken da ke faɗowa kanta. Idonta a bushe, bakinta a rufe, ba ta ko ƙifta ba har aka ja labule. Aka kunna fitila, mutane suka miƙe suna tafi. Ta gyara hijabi ta ce, "Tashi, magariba za ta wuce mu."

Ni ma ban ce komai ba, kuma wannan laifin nawa ne. Ina iya cewa, Umma ki bar ni in zauna. Amma ita ta raine ni, kunyarta ce a bakina. Muka koma Ainu Shams, ta haɗa mini kaya a akwatin Abba, ranar Asabar wani ɗalibi da matarsa da za su gida suka tafi da ni. A bakin mota Ummu Sayyid ce ta rungume ni tana kuka. Umma ta ce, "A gaida su Hajiya." Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Na zauna kusa da taga ina karanta sunayen kantuna har filin jirgi.

Shekara biyun nan ta zama shida, don ta ci gaba da karatu, kuma ko da ta dawo ban koma hannunta ba. A ɗakin kakata na girma, daga can aka kai ni gidan miji. Bara da na haihu Umma ta zo wankan jego. Wata safiya tana gasa mini jiki, na juya mata baya, sai na samu ƙarfin tambayarta abin da ya kai ta gidan wasa ranar nan, ita da ba ta so. Ta daɗe tana matse tawul. Ta ce ita ta aiki ɗan Ummu Sayyid ya zaga titin kaf ya nemo mata wasan da uwa take rabuwa da 'yarta. "Ni ba zan iya faɗa ba," in ji ta. "Na ce bari in kai ki inda za a faɗa, ki ji." Na ce ai da ta gaya wa Baffa kawai. Ta ce, "Ruwan zai huce, juyo."

Yanzu 'yata ta fari tana rarrafe, ina kiran sunanta safe da yamma har surukata tana cewa 'yan zamani ba su da ta ido. Ba na musu da ita. Sai dai wani lokaci ina tuna zauren nan mai jajayen kujeru, da mace mai takaba jiya-jiya zaune a bakin kujera tana jiran wata baƙuwa ta yi magana a madadinta. An faɗa mini komai a ranar, ni ce nake kallon wani gefen.