Baba Ilu da Kukar Anacha

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Anacha ya san Baba Ilu, ƙanin mahaifina, ba ya buƙatar sallama. Daddawar da ke aljihunsa ke riga shi shiga zaure. Da aka gama yaƙin basasa muka dawo, kowa ya ruga neman rumfarsa a kasuwar Ochanja, shi kuwa turmi ya fara cigiya.

Tsoronsa ɗaya ne: kada mu da aka haifa a nan mu tashi ba Hausawa ba. A nasa ilimin, ta maƙogwaro asali yake zurarewa. "Abin da ka haɗiya," in ji shi, "shi zai yi magana da bakinka."

Ran da ya kama ni da lomar tuwon rogo a hannu a gidan maƙwabtanmu Ibo, ya tsaya a kaina.

"Sani, mene ne wannan?"

"Akpu ne, Baba."

"Haɗiye abinka. Gobe in na ce ina kwana, ka ce mini kedu."

Zamanin da arzikin mai ya ɓarke, wani amininsa ya yi walima a Fatakwal, aka kawo shinkafa da salak. Baba ya juya ganyen da cokali ya ce, "Alhaji, akuyar gidan ce ta ƙoshi aka miƙo mana saura?" Ya zaro daddawa ya marmasa a kai.

Sai biki ya kai mu Kano. Tun daga Lakwaja yake mana lacca: yau za mu ɗanɗana kuka ta asali. Yayarsa ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa kuka da man shanu. Loma ɗaya ya yi ya tsaya.

"Yaya, me ya sami miyar nan? Lami."

"Yadda Inna ke yi ke nan, Ilu."

Matarsa Hajjo ta sunkuyar da kai. "Malam, ta gida manja nake sa mata da kirefish, irin girkin Ibo. Tun dawowarmu, da man shanu ya yi wuya."

Muka zuba ido mu ga ginin shekaru ya rushe. Baba ya suɗe yatsa a tsanake.

"Kun gani ko? Har Kano ta fara mantuwa. Hajjo, gobe ki koya musu."

Yau jikokinsa suna zuba Ibo kamar ruwa, kukarsu da kirefish, amma da Hausa suke yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya ciyar da shi abin da ba zai tsaya tambayar asalinsa ba.