Tafiyar da Muka Yi Saboda Ƙafar Illa

Mun tashi da asuba daga Tawa ranar Alhamis, mu uku a motar masu yi wa shanu allura: ni, da wani mushe, wato malamin boko, da ke koyarwa a lakkwal ɗin gari, da direban da ya yarda ya rage mana hanya tunda aikinsa ma arewa ya nufa. Ku abokan wasanmu na Yamai da Maraɗi da kuke ta aiko tambaya kan yadda abin Illa ya kasance, ga shi zan faɗa muku yadda na gani da idona, don na gaji da maimaitawa a bakin shagon ɗinkina.

Illa yana kwance a gidan likita, ƙafarsa ta hagu ta kumbura ta yi baƙi tun daga ƙauri har kusa da gwiwa. Lokotoro ya ce in ba a yanke ta da wuri ba, dafin zai hau jiki. Illa bai ƙi ba, amma ya ce ba za a rage masa gaɓa ba sai ubansa ya zo ya ce a yi, ya ji da kunnensa. Mun lallashe shi, mun yi masa faɗa, ni har zaginsa na yi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shi yab ba ni ita. In yac ce a cire, a cire." Uban kuwa yana ƙauyensu, gaba da Afala ta wajen hanyar Takanamat. Shi muka tafi ɗaukowa.

Kaka ce, ko'ina an yi girbi. Muna fita gari muka fara cin karo da jakuna ɗauke da dammunan hatsi, mata a bayansu da ƙoren wake a ka. Rumbunan Adar ɗin nan masu ƙaton ciki duk an buɗe bakinsu ana zuba amfani. Hanyar kuwa jan dutse ne da ramuka, motar na jijjiga mu har haƙora na haɗuwa. Mushe ya sanyo sabon takalmi mai sheƙi, wai don dattawan ƙauye su san manyan mutane ne suka zo. A Afala muka tsaya muka sha fura da nono. Na taya mai furar ƙasa da abin da ta faɗa, ta dube ni ta ce mutanen Tawa ko ruwan rijiya aka ba su sai sun nemi ragi. Na biya ba tare da ƙarin magana ba, don furar ta ci kuɗinta.

Direbanmu mutumin Damagaram ne, bai daɗe da zuwa Tawa ba, ya ce shi bai san wani Illa ba. Abin ya ba ni haushi, sai na ba shi labari tun daga tushe. Zamanin Nasara aka ɗauko Illiyasu daga ƙauye aka sa shi lakkwal a Tawa, ba da son kowa ba. A nan ya fara buga ƙwallon tsumma ba takalmi. Ni ne mai tsaron gidan ƙungiyar garinmu, saboda haka na fi kowa kallon bayansa. Idan ya karɓi balo a gefen hagu ya sunkuyar da kai, sai in jingina da sandar gida in huta, don na san aiki ya koma can. Da aka samu mulkin kai aka ce za a haɗa ƙungiyar ƙasa, yana cikin na farkon da aka kira Yamai. Can aka fara sa masa takalmi mai ƙusa. Ya ce ya matse shi, ya cire a tsakiyar wasa, alƙalin wasa ya ce ko ya mayar ko ya fita. Ya hau jirgin sama, ya je ƙasashen bakin teku, ya dawo yana ba mu labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ranar da ya ci balo a wata ƙasa, muna cunkushe gaban radiyon wani ɗan kasuwa, mai magana ya kira sunansa har muryarsa ta dushe. Wani tsoho da bai san me ake yi ba ya tambaya ko yaƙi aka ci.

Ba albashi ake ba su ba. Da safe yana aikin kai takardu a wani ofis, da yamma ya je fili. A wani wasa ƙusar takalmin abokin karawa ta tsaga masa ƙauri, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa wasan. Ciwon ya riƙa rufewa yana buɗewa, gudunsa ya ragu, aka daina kiransa. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya neme shi. Ya tattara ya dawo Tawa yana ɗingishi, ya kama koya wa samari wasa har ranar da ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Da na kai nan sai direba ya ƙara wa mota wuta.

Mun isa ƙauyen bayan azahar. Dattawa na zaune a inuwar wata bagaruwa kusa da masallaci, aka nuna mana Malam Nomau, uban Illa, dogo siriri, yana tufkar igiya. Kamarsu ɗaya da Illa, har yadda yake sunkuyar da kai. Muka durƙusa muka gaisa. Gaisuwa ba ta gama sauka ba mushe ya gyara murya ya ce, "Baba, ɗanka Illiyasu na kwance gidan likita, ƙafa ta ɓaci, za a yanke. Ya ce sai ka zo. Ga mota, tashi mu tafi."

Dattawa suka sunkuyar da kai, wani ya shiga jan carbi. Malam Nomau bai ɗaga ido daga igiyarsa ba. Can ya ce, "Kun sha hanya. A kawo ma baƙi ruwa." Da aka kawo ruwan, sai ya tambaye mu yadda hatsi yake a kasuwar Tawa bana.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata wannan wane irin dutse ne. Sai da na ga yadda sauran dattawan ke kauce wa idonsa na tuna Illa ɗan fari ne. Duk mun san kunyar ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya tambayar lafiyarsa gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Amma a gari abin ya yi sauƙi, mun saba ganin ma'aikata na ɗaukar ƴaƴansu a keke, har muka manta a nan bai sassauta ba. Ban ga laifin mushe sosai ba, don da bai riga ni ba, da ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Aka kai mu wurin gwaggon Illa, ƙanwar uban, wadda ta riƙe shi tun uwarsa ta rasu yana goye. Labari ya riga mu shiga. Ba ta ko amsa gaisuwa ba ta ce, "Wa ya aike ku ku hwaɗi gaban mutane? Da ni kunka hwara gani, da yanzu shina bisa hanya, ba mai tambaya tai ina za shi. Yanzu in yat tashi, gari duka a ce Nomau ya ruga wurin ɗanai na hwari." Na ce mata, "Inna, ƙafar ba ta jira." Ta ce, "Ni ma na sani," ta sa gefen zane ta rufe fuska. Da ta natsu ta ce dabara ɗaya ta rage. Kasuwar Tawa Lahadi take ci, Asabar masu dabbobi ke fita, shi kuma yana da rago. Mu koma Afala mu jira, kamar ba ruwanmu da shi.

Ita ce ta gaya mini abin da Illa bai taɓa sani ba. Duk ranar da za a yi wasan ƙasa, mutane kan taru a ƙofar mai gari inda radiyo yake. Da an fara kiran sunayen ƴan wasa sai Malam Nomau ya tashi ya bar wurin. Illa ya ji wannan labari, ya ɗauka ubansa na ƙyamar ya ga ɗansa da gajeren wando yana bin fata. Ashe tsohon zagayawa yake bayan dangar gidan, inda murya ke kaiwa, ya tsuguna yana gyaran kara har a tashi. A nan na gane ba izini kaɗai Illa ke nema ba. So yake ubansa ya taso dominsa ko sau ɗaya.

Kafin magariba na sami Malam Nomau shi kaɗai a garke. Na ce, "Baba, abin ya yi tsanani." Bai dube ni ba, ya shafa bayan ragonsa ya ce, "Ragon ga ya isa kasuwa. Assabar ni ka hita da shi." Ya ci gaba da shafa gashin ragon. Na so in ɗaga shi cak in jefa mota, amma na juya na tafi.

Juma'a a Afala muka yi ta. Direba ya tafi aikinsa wajen rijiya, inda Fulani da Bugaje suka tara shanu, ƙura da kukan maruƙa sun cika wuri. Wani Buzu ya kira mu shayi, ya ba mu cuku mai tauri da sai an jiƙa shi a baki. Mutanen kirki ne, amma ban ji ɗanɗanon komai ba. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Mushe kuwa yana zaune yana kallon takalminsa.

Asabar da hantsi sai ga ayarin ƴan kasuwa, Malam Nomau a cikinsu yana jan rago. Wannan karon mushe ya yi hankali. Ya tare shi ya ce, "Baba, ragon nan zai rame kafin Tawa. Ga wuri a mota, a sa shi." Tsohon ya dubi abokan tafiyarsa ya ce, "Don ragon, to." Ba mu yi nisa ba ragon ya saki fitsari a kan sabon takalmin mushe, direba ya yi dariya har ya kusa barin hanya. Dariyar da muka yi ke nan a duk tafiyar. Malam Nomau bai taɓa shiga mota ba, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. Sai da gidajen Tawa suka bayyana ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Mai jinyar naku, shina cin abinci?"

A gidan likita lokotoro ya ja ni gefe ya ce dafin ya wuce cinya, yanka ba zai ƙara komai ba sai wahala. Ban tambaye shi ko da jiya muka zo da an dace ba, don ba na son in ji amsar. Malam Nomau ya ƙi shiga ɗakin. Ya ɗaure ragonsa a gindin itacen bedi, ya zo ya zauna a ƙasa ƙarƙashin tagar da gadon Illa yake, ya jingina bayansa da bango. Ban gaya masa abin da lokotoro ya ce ba. Ya kira ni, ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa wanda ke tsaye kusa.

"Kai tela, ka hwaɗa ma mai ɗakin ga a yanke. Ni ba ƙahwa ni ka so ba. Shi komo gida, ko zamne shike shi kore mani tsuntsaye ga gona."

Na leƙa ta taga. Illa ya rame har ban so kallonsa, amma idonsa a buɗe yake, hawaye na gangara cikin kunnensa. Ya ce, "Ka ce mai na ji." Na faɗa, ko da yake tsakaninsu bai wuce kamu biyu ba. Can Illa ya ce, "Ka tambaye shi, ya taɓa jin wasana ga radiyo?" Tsohon ya dubi ƙasa ya ce, "Ka ce mai ko guda bai wuce ni ba." Illa ya rufe ido yana murmushi. Ni kuwa na zagaya bayan ɗakin na yi kukana.

Litinin da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ragon bai ga kasuwa ba, shi aka yanka aka yi sadaka. Mutanen Tawa sun fito jana'iza sosai, daga Yamai kuwa ba wanda ya zo, ina jin labari bai kai da wuri ba. Malam Nomau ya karɓi gaisuwa ido a bushe, kamar yadda ake so uban ɗan fari ya yi.

Na koma shagona na ci gaba da ɗinki, amma tafiyar nan ba ta sake ni ba. Ta koya mini cewa in za ka kai saƙo gidan mutane, ka fara tambayar ta wace ƙofa ake shiga, ko da gidan naku ne. Ta kuma koya mini in daina yanke wa mai shiru hukunci. Har yau ina jin haushin al'adar da ta cinye mana yini biyu, kuma har yau ban iya jin haushin tsohon ba.

Ranar da zai koma ya biyo ta shagona ya ce in kai shi wurin da suke gudun nan. Na kai shi filin bayan gari. Ba kowa sai awaki, da sandunan gida biyu da suka karkace. Ya tsaya a gefen hagu inda na nuna masa, ya dubi wancan ƙarshen.

"Daga nan har can?"

"Har can, Baba. Ba mai kamo shi."

"Mutane na zuwa kallo?"

"Gari duka."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa. "Gari duka sun ga gudunai," ya ce. "Ni ko rarrahenai ban tsaya na kalla ba."