Maganar Cikin Akushi

Yau shekara talatin ke nan da muka rufe yayana Abdu a Gwandu. Ɗalibansa na jami'a suna kiransa uban 'yan jarida. Ni ƙanwarsa ce, kuma na san abin da ya raba shi da aikin jaridar, don a gabana aka yi.

Shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ne. Ina riƙo a Diggi, gidan Kawu Manu, agana ta shigo gari. Aka haɗa baki aka ɓoye, don tsoron kada masu lamba, wato masu rigakafi, su zo su killace gari ana tsakar noma. Yaro ya kamu sai a kai shi bayan rumbu. Ƙawata Hajo can ta ƙare.

Yaya ya zo hutu daga Zariya, inda yake aikin jarida. Suna cin tuwo akushi ɗaya, Kawu ya faɗa masa komai, har hawaye. Ya ƙare da cewa, "Abdu, wagga magana ta cikin akushi ta." A wurinmu abin da aka faɗa hannu cikin akushi amana ne, ba ya ƙetare zaure.

To, Yaya ya buga. Kaiconsa, har da sunan Kawu! Wai a ofishinsu labari ba suna jita-jita ne. Da jaridar ta iso Kalgo aka karanta ta a kasuwa da ƙarfi, kafin la'asar maganar ta kai Diggi.

Masu lamba suka zo, aka tsaga mana dantse, cutar ta lafa. Amma gari ya juya wa Kawu baya. Ya kira gayya, ba wanda ya ɗauko fartanya. Aka fasa auren ɗansa. Ranar da Kawu ya rasu sahu ɗaya bai cika ba. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Yaya ya je neman gafara ba sau ɗaya ba. Kawu ya amsa gaisuwa, ya tambayi hanya, sannan ya sa a kawo wa baƙo akushinsa daban. Haka har mutuwa.

Bai sake rubuta labari ba. Ya koma karatu, ya shiga koyarwa. An ce mini duk sababbin ɗalibai tambaya ɗaya yake fara yi musu: wanda ya ba ka labarin nan, a wane gari zai kwana gobe?

Yanzu da kowa ke ɗaukar hoton maras lafiya a waya ya watsa, ban san me zai ce ba.

Littattafansa gara ta ci. Abin da ya bar mini tabon lamba ne a dantse, da fuska ba zanen agana. In na gan shi nakan yi wa Yaya addu'a, in yi wa Kawu. Na rayu ne da amanar da aka ci.