Kwamfutata Marar Lafiya

A shekarar da na yi karatun satifiket na tsaron kwamfuta, Asabar kaɗai ce ranata. Sauran kwanakin ina shagon ɗinkin Baba a Jos Jarawa, ina kafa maɓalli, ina guga, ina jiranta. Ajinmu yana saman wani bene a Gada Biyu, a ƙasa masu sayar da taya ne. Malamin da ya buɗe wurin ba mazauni ba ne, don haka wata tsohuwar ɗalibarsa ce ke riƙe da mu. Kowa Injiniya yake ce mata. Tana sa gilashi da hijabi ruwan toka, ta ɗora rigar sanyi a kai, kuma kullum akwai tabon alƙalamin allo a gefen hannunta. Tun makon farko na san na shiga uku.

Ni da littattafan soyayya na yayata na taso, irin waɗanda ake karɓa haya a kasuwa, bangonsu duk ya yi laushi. A cikinsu na koyi cewa so ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma saurayi talaka mai tsarkin zuciya shi ke yin nasara a shafin ƙarshe. Damuwata ɗaya ce: ranar da aka yi jarrabawa ajin zai watse, ba ni da sauran dalilin hawa benen nan. Dole Injiniya ta san da ni kafin ranar.

Darasin da ya buɗe mini hanya shi ne na ƙa'idojin shiga netwok. Injiniya ta zana gida a allo, da mai gadi a bakin ƙofa. Ta ce mai gadin nan tambayoyi yake yi kafin ya buɗe. Da farko, kai wane ne, ina shaidarka. Sannan mene ne matsayinka, don ɗalibi da malami da baƙo ba ɗakuna ɗaya ake buɗe musu ba. Akwai ƙa'idar lokaci, wadda ke rufe ƙofa idan wa'adinka ya cika, akwai ta wuri. Ta ƙarshe ita ce ta lafiya: mai gadin zai duba na'urarka, ya ga ko manhajar kariyarta tana aiki, ko an sabunta ta. In ba haka ba, ba zai kore ka ba, amma zai killace ka a wani ɗaki inda ba abin da ke buɗewa sai shafin da ke ce maka ka je ka yi gyara.

Ba a allo ta tsaya ba. Ta haɗa mai gadin da gaske, da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburinta, ta ce kowa ya gwada shiga. Kowa ya shiga. Tawa kwamfutar, 'yar gwanjo da na ɗaure ƙugunta da baƙin tef, aka jefa ta ɗakin killacewa.

Kunya ta kama ni, har sai da na ji ƙarar kujera. Injiniya ce ta jawo ta zauna kusa da ni. Ta ja kwamfutar gabanta, ta ce, "Malam tela, wannan ai asibiti take nema." Ta yi ta danne-danne tana yi mini bayani, ni kuwa ƙanshin turarenta nake ji da ƙarar ruwan sama a kan kwano. Ban fahimci kalma ɗaya ba. Na koma gida a keke napep ina tsara sunayen 'ya'yanmu.

Asabar ta gaba kwamfutata ta shige lafiya lau, Injiniya ko kallon inda nake ba ta yi ba. A nan na gane lafiya ba ta da riba. Daga ranar, duk Juma'a in na dawo masallaci sai in kashe sabuntawar manhajar kariya. Asabar mai gadi ya killace ni, kujera ta yi ƙara, in sami rabona.

Da a ce mu biyu ne a ajin, da labarin ya tafi yadda littattafai suka tsara. Amma akwai Oga. Ma'aikacin banki ne a Bukuru, yana zuwa da mota, da kwamfutar ofis sabuwa fil, siririya kamar faranti. Ba a taɓa killace ta ba. Bai da wata buƙatar Injiniya, amma ita da ƙafarta take zuwa teburinsa. Zai yi tambaya a kan bambancin manhajar bincike mai zama daram a na'ura da wadda ke narkewa ta ɓace in ta gama duba baƙo, sai in ga fuskarta ta washe, ta cire gilashi, su yi ta musu suna dariya. A wurina gyara take yi. A wurinsa hira take yi. Ina zaune ina kallon murfin kwamfutarsa mai sheƙi, har na san kowane lungu nata, ina yi mata fatan ƙwayar cuta mai tsanani.

Abin da ya fi ci mini rai, mutumin kirki ne. A littattafai abokin takara mugu ne, mai girman kai, mai taka talaka. Wannan kuwa yakan zo da ledar soyayyen dankali ya raba wa kowa, in ruwa ya tsare mu ya cika motarsa da 'yan aji. Na sha cin dankalinsa ina jin haushinsa.

Mutum ɗaya ce ta gano ni. Wata ma'aikaciyar gwamnati ce da ta kusa ritaya, muna ce mata Mama, tana zama a bayana da hular ulu. Wata rana da aka killace ni ta taɓa kafaɗata da biro.

"Yaro na, wannan kwamfuta naka wane irin ciwo ne yana kama shi Asabar kawai?"

Na ce tsufa ne.

"Ni ma na tsufa, amma ba na zaɓan rana," in ji ta. Ta yi ta dariya a cikin gyalenta.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, Injiniya ta ce za mu ga ƙa'idar matsayi a aikace. Ta ce aiki ya yi mata yawa, ba za ta iya koyarwa tana zagaya marasa lafiya ba, don haka za ta ƙirƙiri sabon matsayi, na mataimaki, wanda mai gadi zai bar shi ya shiga ɗakin killacewa ya yi gyara. Na gyara zama. Wa ya fi ni sanin ɗakin nan? Sai ta ce Oga ya kawo kwamfutarsa.

Ni kuma tun jiya na riga na kashe abin da na saba kashewa.

Kujerar nan dai ta yi ƙara. Oga ne ya zauna, da turarensa na masu albashi. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Mutumina, wannan da hannu aka kashe ta."

Na ce wataƙila yaran gida ne.

Ya kalle ni, ya kalli Injiniya a gaban allo, ya yi ɗan murmushi wanda na gwammace mari a kansa. Bai faɗa wa kowa ba. Ya dai sa mini manhajar nan mai zama daram, wadda ke kunna duk abin da aka kashe da kanta. Ya dafa ni ya ce daga yau na warke. Na warke kuwa. Kujerar ba ta sake zuwa ba.

Makonnin da suka rage na yi su ina kallonsu daga nesa, kawunansu a kan allo ɗaya. Da na rasa abin yi, na koma wa sana'ar gidanmu. Na sami yadi mai kauri ruwan toka, kalar hijabinta, na sa soso a ciki, na ɗinka jakar kwamfuta. Ban auna komai ba. Ɗan tela ne ni, idona ya isa tef ɗin awo. Na yanke cewa bayan jarrabawa zan kai mata, in faɗi abin da ke raina, yadda ake yi a babin ƙarshe.

Jarrabawar ta zo da sauƙi a inda ban zata ba. Tambayoyin ƙa'idar lafiya da killacewa na amsa su kamar ana tambayata hanyar gidanmu. Na ci.

Asabar ɗin da ta biyo baya na tafi Gada Biyu da jakar a cikin leda. An yi ruwa da ƙanƙara da safe, matakalar benen duk ta jiƙe. Da can, tun daga wurin masu taya wayata ke kama netwok ɗin ajin da kanta, ta yi ɗan motsi a aljihuna, ni kuma in ɗauke shi a matsayin maraba. Ranar ba ta motsa ba. Na tsaya a tsakiyar matakala na gwada kalmar sirrina, aka ƙi. Sai na tuna ƙa'idar lokaci. Wa'adin ɗalibai ya ƙare ranar jarrabawa.

A sama babu kowa sai su biyu. Oga yana zaune a teburin Injiniya, kwamfutarsa a buɗe, shafuka suna ta buɗe masa. Suka yi mini murna da gaske, har Oga ya tashi ya rungume ni. Na yi tambayar kamar ta karatu ce: na ce ni an rufe mini, shi kuma ga shi a ciki, wace ƙa'ida ce wannan?

Injiniya ta sunkuyar da kai tana gyara gilashi. "Shi ai an cire shi daga rukunin ɗalibai," ta ce. Oga ya sosa ƙeya ya ƙara da cewa manyansa sun je gaisuwa gidan su Injiniya, kuma lallai ni zan ɗinka masa kayan ɗaurin aure. Ta ce in ina son duba wani abu ta buɗe mini shigar baƙi, tana aiki har yamma.

Na ce a'a, sauri nake. Na miƙa mata ledar, don ba yadda za a yi in sauka da ita. Ta yaba ɗinkin, ta shafa yadin, ta ɗauko kwamfutarta za ta saka. Ta ƙi shiga. Tata mai kauri ce, ta fi jakar faɗi da kusan yatsu biyu. Oga ya ce a kawo ya gani. Ya rufe tasa ya zura, ta shige sumul, zif ya rufe kamar a jikinta aka yanka.

"Malam tela, idonka ya iya awo," in ji ta, tana dariya.

Ya iya mana. Wadda ya fi kallo ita ya auna. Na sauko a hankali saboda santsi, na tsaya wurin masu taya ina jiran keke.