Dawo-gobe da Shanun Ƙasa

Aikin Dawo-gobe roƙo ne, sai dai da takardar gwamnati a hannu. Duk shekara ofishinsu na ƙididdiga ke haɗa lissafin abin da ƙasa ta samar, na noma da sufuri da fatauci, alƙaluman kuwa ba daga sama suke faɗowa ba. Suna jibge a ofishin haraji da na kwastan da na lasisin mota, kowa ya kwanta a kan nasa kamar kaza a kan ƙwai. Shi ake aikawa ya ɗaga kazar. Sunan ma daga bakin masu sallamarsa ya same shi.

Dabararsa ɗaya ce, zama. Ba ya faɗa, ba ya kai ƙara. Zai jawo kujera kusa da teburinka, ya tuɓe takalmi, ya ɗauko maka labarin ciwon gwiwarsa tun daga tushe. Wani babba a kwastan da kowa ke shakka bai kai azahar ba ya miƙa wuya.

Wuri ɗaya ne ya gagare shi, ofishin kula da dabbobi. Can akwai Mai-makulli, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, ita ke riƙe da ɗakin fayil. Yau ta ce makullin yana wurin masinja, gobe ta ce ɓera ya ci shafin tsakiya. Amma abin mamaki, kujerar baƙi kullum da matashi a kanta, butar shayi kuma da kofi biyu. Shi ma da ya rasa matarsa, ya aurar da 'ya'yansa, bai taɓa kawo mata zancen gwiwa ba. Sai dai ya koma ofis yana girgiza kai wai matar nan ta fi ƙarfinsa.

Haka shanun ƙasa suka yi shekaru da ɗan tauraro a gefensu cikin rahoto, a ƙasan shafi an rubuta "ƙiyasi ne". Masana suka yi ta taro a kan tauraron nan. Da sun leƙa sun ga kofi biyun, da sun huta.

Sai aka kawo sabuwar shugaba ofishinsu na ƙididdiga, mai ladabi amma ba wasa.

"Baba," in ji ta, "ko ka kawo mini shanun nan kafin ƙarshen wata, ko in rubuta a riƙa turo su ta kwamfuta."

Ya kawo, zuwa ya ƙare. Bai kawo ba, zuwa ya ƙare. Tsoro ya kama shi sosai, don kujerar nan ce kaɗai wurin da ake jiransa a duniya.

Ya je ya zauna, ko takalmi bai tuɓe ba, ya gaya wa Mai-makulli yadda aka yi. Ta dube shi ta saman tabarau, ta jawo aljihun teburinta. Ashe fayil ɗin yana nan, tsaf, ko ƙura babu, balle haƙorin ɓera.

"Ungo, Malam. Kai dai ba ka taɓa tambaya da gaske ba."

Ya karɓa, ya yi godiya, ya kama hanyar ƙofa kamar wanda aka kora. A bakin ƙofar halin aiki ya motsa, ya buɗa fayil ɗin. Ga shanu, ga tumaki, ga awaki, amma shafin jimla babu.

"Hajiya, ai shafin ƙarshe ba ya ciki."

"Na sani," in ji ta, tana zuba shayi a kofi na biyu. "Yana gidan yayana. Shi kuwa ba ya sauraren ma'aikacin gwamnati, sai wanda ya zo da manyansa."

Dawo-gobe ya tsaya baki buɗe. Sannan ya dawo ya zauna a kujerar.

"To... yaushe zan zo?"

Ta turo masa kofin. "Wannan karon kam, kar ka bari sai gobe."