Ɗakin Manyan Baƙi a Injamena

Mun tashi da asuba daga Maiduguri, ni da kawuna da wani abokin cinikinsa, za mu kai atamfa Injamena. Kafin mu isa Gamboru ramukan hanya sun gama kwance mana ƙugu. Daga Fotokol zuwa Kusiri kuwa na gaji da shingaye, kowane jandarma sai ya yi ta juya takardunmu kamar zai haddace su. Da la'asar sakaliya muka haye gadar shiga Injamena, ga zafin Afrilu kamar a bakin murhu.

Tun a gida aka cika mana kunne da kashedi kan ruwan sha, saboda Kawu na da ciwon suga. Ko kurkure baki ba ya yi sai da ruwan gora, duk da ɗan karen tsadarsa. Mun ci kisar, wata gurasarsu marar kauri, da miyar busasshiyar kuɓewa, mun ci gasasshen kifi, mun sha jan shayi mai zaƙin tsiya Kawu na hararmu. Babu cikin da ya ɓaci.

Masaukinmu wani bene ne a bayan Grand Marché, babbar kasuwar garin. Mai gidan Bahaushe ne, jikan mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka suka zauna, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce akwai ɗaki a sama mai shawa da hita, na manyan baƙi, wata huɗu ke nan yana kulle. Ni da bakina na nace a buɗe wa Kawu, wai ina girmama shi. Har yau wannan nacin yana ci mini rai. Mu biyu muka sauka a ƙasa, muna wanka da bokiti daga famfon tsakar gida.

Kwana shida Kawu na yabon shawar nan safe da yamma. A na bakwai zazzaɓi ya kwantar da shi, ga tari, ga gudawa. Muka ce maleriya ce, muka yi kwana biyu muna ɗura masa magani. Sai da ya fara kirana da sunan ƙaninsa da ya rasu tuni na tsorata, muka tari tasi zuwa asibiti.

Likitar ta saurari ƙirjinsa, ta duba hoton huhu, sannan ta tambayi inda muka sauka. Da na faɗa sai ta ajiye biro. Ta ce shi ne na uku daga ɗakunan saman benen nan tun shigowar zafi, ɗaya daga cikinsu har ya rasu, kuma ta aika wa mai gidan har sau biyu. Tana zargin wata cuta da ta kira lejiyoneloz. Ba su da abin gwajin tabbatarwa, amma alamun sun ishe ta canza magani. Ƙwayar cutar tana hayayyafa ne a ruwan da ya daɗe kwance cikin tanki da bututu, mai ɗumi-ɗumi. Ba ta hanyar sha take shiga ba, shaƙarta ake yi a feshin shawa, kuma ta fi kama dattawa da masu suga. Mu muna ta gadin baki, abin ya bi ta hanci.

Na koma masauki na hau rufin. Tankin ƙarfe ne a tsakiyar rana, murfin ya karye an ɗora kwanon rufi an danne da dutse, ciki duk yauƙi da tsatsa. Ruwan gari ya zo yau ya ɗauke gobe, wuta ma haka, don haka hitar ba ta taɓa yin zafin kirki ba. Na sauko na sami mai gidan.

"Alhaji, yaushe rabon da a wanke tankin nan?"

Ya tari ruwan a kofi ya ɗaga mini. "Duba, Malam. Launi bai canza ba, ɗanɗano bai canza ba, wari babu. Liman ma zai yi alwala da shi. Ma fi mushkila, ba matsala."

"Ba hukuncin alwala na tambaya ba, Alhaji. Kawuna na can ana ƙara masa iska."

"Ciwo na Allah ne. Kalas, magana ta ƙare."

Na juya na bar shi da kofinsa. Mutum zai kashe kuɗi ya sa tayil da madubi, amma soso da maganin kashe ƙwayoyi sun gagare shi.

Kwana goma sha ɗaya Kawu ya yi a asibiti, atamfar kuwa karyar da ita muka yi. Ranar da na je kwashe kayansa na tarar har an ba wani dattijo ɗan Damagaram ɗakin. Na ja shi gefe na faɗa masa komai, na bar masa bokitina. Mai gidan bai ƙara amsa sallamata ba.

Mun dawo gida a hankali, Kawu kwance a kujerar baya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, duk inda ka sauka ka tambayi tanki kafin ka tambayi katifa, kuma ɗakin da ya daɗe a kulle ba alfarma ba ce ga dattijo.

Shekara ashirin Kawu ne ke kiran salla a masallacin layinmu. Jiya da azahar ya ce ya warke, ya miƙe ya fara. Bai kai ƙarshen shahada ba numfashi ya yanke masa. Ya dafa bango, ya yafito maƙwabcinmu ya ƙarasa. Ina zaune a bakin ƙofa, na kasa ɗaga kai.